Cinikin Jirgin Sama a Ƙasar Hausa, Jiya da Gobe

Safana gari ne a yammacin ƙasar Katsina, bayan Dutsin-Ma, a bakin Dajin Rugu. Nan ne mazaunin Yariman Katsina, Hakimin ƙasar. Arewa da ita kuwa ga Batsari, inda Sarkin Ruma ya ke. Babu filin saukar jirgin sama a Safana, babu a Batsari, amma duk da haka mutanen wannan yanki sun san jirgi iri biyu, sani na sosai. Ɗaya shi ne na alhazai, wanda mutum kan yi shekaru yana tari, ya sayar da hatsi da shanu, domin ya shige shi sau ɗaya tak a rayuwarsa. Ɗayan kuwa na soja ne, wanda kan ratso ta bisa gonaki ya nufi daji. Jiragen nan biyu kowanne da kasuwarsa, kowanne kuma da masu cin riba a kansa. Wanda ke son ya san inda kasuwannin nan suka dosa, sai ya fara duba yadda suka faro.

Zuwan jirgi na farko

Jirgin soja shi ya riga zuwa. Ran 27 ga Oktoba, 1925, waɗansu jirage 3 na sojan sama na Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira ta Masar. Shugabansu wani hafsa ne, ana ce da shi Arthur Coningham. Suka biyo ta Sudan, suka ƙetare Darfur da ƙasar Cadi, suka faɗo Barno, ran 1 ga Nuwamba suka sauka a filin sukuwa na Kano, zamanin Sarkin Kano Usman. Jiragen ƙanana ne, masu fiffike biyu-biyu, kowanne mutum biyu ya ke ɗauka. Abin da ya kawo su shi ne a gwada a gani ko jirgi zai iya ƙetare Afirka daga gabas zuwa yamma.

To, abin lura a nan shi ne hanyar da suka biyo. Ita ce tsohuwar hanyar alhazai. Tun zamanin da, Bahaushe mai niyyar Makka ta nan ya kan bi, ta Barno da Wadai da Darfur, har ya kai bakin Bahar Maliya. Ya kan yi shekaru a hanya, yana tafe yana noma ko ƙodago domin ya sami guzuri. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu suna Sudan har yau. Hanyar da mai ƙafa kan yi shekaru a kanta, ga jirgi ya yanke ta cikin kwana 6.

Bayan shekara 11 ciniki ya biyo baya. Cikin 1936 kamfanin Ingila mai suna Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, kafin shekarar ta ƙare ya miƙa har Ikko. A Hartum a ke haɗuwa da babban jirgin da ke zuwa Ingila. Takardar da a da sai ta yi makonni a jirgin ruwa da jirgin ƙasa, ta koma isowa cikin 'yan kwanaki.

Kano ta zama zango

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya ɗaukaka filin Kano. Cikin 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingilishi wuya. Ga rundunarsu a Masar tana bukatar jirage. Dabarar da suka yi ita ce su ɗauko jiragen a cikin akwatuna ta teku, su sauke a Takoradi, a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, a harhaɗa su a can, sa'an nan matuƙa su tashi da su ayari-ayari. Daga Takoradi sai Ikko, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda ta koma Njamena, sai Fashir, sai Hartum, kana Alƙahira. Tafiyar ta fi mil 3,500. An fara ta cikin Satumba, 1940, kafin a daina kuwa jirage fiye da 5,000 suka bi ta. Amurkawa ma suka shigo cikin 1941, suka taya gyaran filaye da jigila. Mutanen Nijeriya suka yi karo-karon kuɗi na sayen jiragen yaƙi, har aka sa wa wata ƙungiya ta sojan saman Ingila, mai lamba 91, sunan Nijeriya.

Da yaƙi ya ƙare, filin ya saura, da ma'aikatan da suka ƙware. Jiragen fasinja na lokacin masu farfela ne, ba su iya tashi daga Turai su kai Afirka ta Kudu sai sun tsaya shan mai. Kano kuwa ita ce babban gari na farko da matuƙi zai tarar in ya ƙetaro hamada. Saboda haka kamfanonin Turai suka mai da ita zango: BOAC na Ingila, da KLM na Holan wanda ya fara zuwa cikin 1947, da Sabena na Beljiyam, da waɗansu. Har akwai wani mutum bisa raƙumi da a kan ajiye a filin, in jirgi ya doso ya busa kakaki, baƙi su yi ta ɗaukar hotonsa. Cikin 1957 aka buɗe sabon ginin saukar matafiya. Mai sayar da mai ya samu, mai masauki ya samu, dukawa da masaƙa ma suka sami masu sayen kayansu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Kano, domin tun zamanin ayarin raƙuma na Ghat da Ghadamas da haka ta ke ci. Amma arzikin zango yana da aibi guda, watau ba ya wuce bukatar matafiyi. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka fito da manyan jirage masu injin jet, irin su Boeing 707, waɗanda ke iya dogon zango ba tsayawa. Kamfanoni suka riƙa wucewa ta bisa Kano ɗaya bayan ɗaya. KLM ne ya fi daɗewa, shi ma cikin 2012 ya naɗe kayansa.

Jirgin Gwamnati

Cikin 1946 ƙasashe 4 na mulkin Ingila, watau Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, suka haɗu suka kafa kamfanin jirgin sama guda, ana kiransa WAAC. Da Gwalkwas ta sami mulkin kai ta zama Gana cikin 1957, sai ta ware, tarayya ta watse. Ran 1 ga Oktoba, 1958, kamfanin Nijeriya na kanta ya fara aiki, shi ne aka sani da Nigeria Airways. Da fari Gwamnati ta haɗa hannu da BOAC da kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, cikin 1961 ta saye rabonsu duka. Cikin 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa a Zariya.

Zamanin kuɗin man fetur kamfanin ya bunƙasa, har ya mallaki jirage wajen 30 a farkon shekarun 1980. Amma bashi da rashin kyakkyawan riƙo suka cinye shi, jiragen suka riƙa mutuwa ba gyara, cikin 2003 aka rushe shi. An yi ƙoƙarin ta da wani a madadinsa. Cikin 2018 Ƙaramin Ministan jiragen sama, Hadi Sirika, mutumin ƙasar Katsina, ya bayyana sunan Nigeria Air a wani bajekolin jirage a Ingila. Aka yi ta ja-in-ja har 2024, sa'ad da kotu ta soke yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Habasha a kansa, bai kuwa taɓa ɗaukar fasinja ko ɗaya ba. Shi kamfanin Habasha, wanda ya fara tashi cikin 1946, tsaran WAAC ne, ga shi ya zama mafi girma a Afirka. Abin da ya tsare shi, ya gina ma'aikatar gyaran jirage tasa da makarantarsa a Addis Ababa, aka kuma bar masu sana'ar su riƙe sana'arsu.

Jirgin alhazai

Cinikin da ya yi saiwa a ƙasar Hausa shi ne na Hajji. Cikin 1921, sa'ad da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali, ta jirgin ruwa ya tafi. Cikin 1948 waɗansu attajiran Kano, Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da a ke kira WAPA, wadda har yau wata unguwa a Fagge ke amsa sunanta. Da motoci suka fara, ba a daɗe ba aka koma hayar jirage daga Kano zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ta koma ta yini guda. Cikin 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, cikin 1977 kuwa alhazan Nijeriya suka haura 100,000.

Hanyar ba ta rasa baƙin ciki ba. Ran 22 ga Janairu, 1973, wani Boeing 707 da aka yi haya daga Jodan, ɗauke da alhazai masu komowa, ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ran 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin haya da ya tashi daga Jidda zai zo Sakkwato ya kama wuta ya faɗi, duk mutum 261 da ke ciki suka cika. Allah ya jiƙansu. Duka biyu jiragen haya ne, domin aikin Hajji na 'yan makonni ne a shekara, yana kuwa bukatar jirage da yawa a lokaci guda.

Attajiran Arewa suka ga wannan ƙofa. Cikin 1980 Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano, ya yi shekaru yana jigilar alhazai da manyan jirage ƙirar Boeing 747. Cikin 2008 Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina ya fito da Max Air, shi ma da alhazai ya fara, sai cikin 2018 ya shiga jigilar cikin gida. Azman Air na Kano ya fara tashi cikin 2014. In aka duba, sana'ar madugu ce ta sake kama: a tara matafiya, a karɓi kuɗinsu tun da wuri, a nemo abin hawa, a kai su a komo da su. Da Katsina ta zama jiha cikin 1987 ta kuma sami filin jirgi nata, maniyyacin Safana ya huta da zuwa kwana a sansanin Kano.

Jirgin yaƙi

Rundunar sojan sama ta Nijeriya cikin 1964 aka kafa ta, Jamusawa ne suka fara horar da ita. Da yaƙin basasa ya tashi cikin 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar da jiragen yaƙi, sai aka juya wajen Rasha. A filin Kano aka sauke jiragen MiG na farko, aka harhaɗa su, kamar dai yadda aka yi a Takoradi shekara 27 kafin nan. Tun daga ran nan kowane zamani da inda a ke sayowa: Alpha Jet daga Jamus a farkon shekarun 1980, Jaguar guda 18 daga Ingila cikin 1984, F-7 daga Sin wajen 2010. Labarin Jaguar ya isa wa'azi. An biya kuɗi masu yawa, amma ba su cika shekara 10 suna tashi ba aka jingine su, saboda tsadar riƙo da rashin kayan gyara.

Ƙasar Ruma da Safana ta san hari tun ƙarni na 19, lokacin da ta ke bakin daga tsakanin Katsina da Maraɗi, zamanin su Sarkin Ruma Ɗan Waire. Bayan zuwan Turawa ta zauna lafiya, Dajin Rugu ya zama makiyaya. Amma daga shekarun 2010 satar shanu ta yi ƙarfi, ta rikiɗe ta zama satar mutane da ƙone ƙauyuka, 'yan bindiga suka mai da dajin mafaka. Ran 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara fiye da 300. Daji ne mai faɗi da duwatsu, motar soja ba ta shigarsa da sauƙi, saboda haka aka dogara ga jirgi. Cikin 2018 sojan sama suka ƙaddamar da yaƙin da suka kira Dirar Mikiya a Zamfara, suka kuma kafa sansani a Katsina.

Sai sayayya ta tashi. Cikin 2018 Nijeriya ta biya Amurka dala miliyan 496 domin jirage 12 ƙirar Super Tucano. Shida na farko a Kano suka sauka, cikin Yuli, 2021. A shekarar nan kuma aka karɓi JF-17 guda 3 daga Pakistan. Aka sayi jirage masu saukar ungulu daga Turkiyya da Italiya, da marasa matuƙi daga Sin, aka kuma yi odar jirage 24 ƙirar M-346 daga Italiya. Ƙetaren iyaka ma haka ne, Amurka ta kashe dala fiye da miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ta bar shi cikin 2024, Nijar kuwa ta sayi nata daga Turkiyya.

Jirgi ya tarwatsa sansanoni da dama, ya kuma kori mahara daga garuruwan da suka tasam wa. Amma daga sama ba kullum a ke rarrabe mai bindiga da mai fartanya ba. Cikin Janairu, 2017, bam ya faɗa kan 'yan gudun hijira a Rann ta Barno. Ran 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kashe masu Mauludi a ƙalla 85 a Tudun Biri ta Kaduna. Cikin Fabrairu, 2025, wani hari a yankin Zakka ta ƙasar Safana ya rutsa da mutanen gari, rundunar ta ce za ta bincika. Su maharan ma ba su zauna haka ba, cikin Yuli, 2021, suka harbo wani Alpha Jet a Zamfara, matuƙin ya dira da lema ya tsira.

Abin da ke gaba

Mai karatu ya ga cewa cikin shekara 100 ɗin nan abu guda bai sake ba. Jirgin na waje ne. Manyan jiragen fasinja na duniya kusan duk kamfani biyu ke ƙera su, Boeing na Amurka da Airbus na Turai. Da dala a ke saye, da dala a ke haya, da dala a ke biyan inshora da kayan gyara, babban gyara ma galibi sai an kai waje. Fasinja kuwa da naira ya ke biya. Duk ran da naira ta faɗi, mai jirgi ya shiga uku. Cikin 2022 kamfanonin cikin gida suka koka cewa litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Cikin 2023 kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Nijeriya, don rashin dalar da za a canza musu, suka haura dala miliyan 800. A shekarar nan aka saki naira, dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 cikin 2024.

Nauyin kuwa a kan maniyyaci ya sauka. Kujerar Hajji da ta ke kusan naira miliyan 3 cikin 2023, ta haura miliyan 8 cikin 2025. Sa'udiyya ta ba Nijeriya kujera 95,000 a shekarun nan, cikin 2024 da 2025 ba a iya cike su ba. A wanda a ke samu ɗin ma, kamfanin Sa'udiyya yana da nasa kaso.

A nan ne kasuwannin nan biyu suka haɗu a ƙofar gidan manomin Safana. Da hatsi da shanu ya ke sayen kujera. In daji ya hana shi noma, shanun kuma aka kore, ko aka sayar da su wajen biyan fansa, babu zancen Makka. Watau fitinar da ke cika aljihun masu ƙera jiragen yaƙi a Amurka da Italiya da Turkiyya, ita ce ke rage wa jirgin alhazai fasinja. Kuɗin sayen jiragen yaƙin kuma daga baitulmali su ke fitowa, wanda da shi a ke gina hanya da asibiti. Manomin nan ya biya sau biyu ke nan. Muddin fitina na nan, kasuwar jirgin yaƙi za ta ci gaba da ci, musamman ta marasa matuƙi, da ya ke sun fi araha. An gwada sulhu a ƙasar Katsina cikin 2019 ya warware, aka sake zama cikin 2025 a Batsari da Safana da maƙwabtansu. Ko ta wace hanya lafiya ta samu, masu jiragen fasinja na cikin waɗanda za su fara ganin amfaninta.

Akwai kuma alamun da ke sa rai. Mutane suna da yawa, Afirka duka kuwa wajen kashi 2 cikin 100 kawai ta ke da shi na zirga-zirgar jiragen duniya, saboda haka fili na nan. Cikin 2018 ƙasashen Afirka suka ƙulla shirin buɗe wa juna sararin sama, ko da ya ke aiki da shi na tafiyar hawainiya. Cikin 2024 matatar Ɗangote ta Ikko ta fara fid da man jirgi, abin da a da sai an sayo daga waje. A Kaduna an taɓa harhaɗa ƙananan jiragen koyo 60, masu suna Air Beetle, a shekarun 1990, cikin 2018 kuma sojan sama suka nuna wani maras matuƙi da suka ƙera, suka sa masa suna Tsaigumi. Makarantar Zariya tana nan tana yaye matuƙa da injiniyoyi.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Kano ta ci ribar zango shekara 20 da wani abu, da matafiya suka sami abin hawan da ya fi, suka wuce ta. Nigeria Airways da jiragen Jaguar sun nuna cewa saye ba shi da wuya in akwai kuɗi, riƙo ne aiki. Habasha kuwa ta nuna cewa ƙasar da ba ta ƙera babban jirgi tana iya cin abinci da shi, in ta iya gyaransa da hannun 'ya'yanta. Attajirin da zai daɗe a wannan ciniki nan gaba shi ne wanda ya sa dukiyarsa a rumfar gyara da horon yara, ya kuma nemi aikin da jiragensa za su yi a watannin da babu Hajji, kamar Umra da dakon kaya da jigila tsakanin Kano da garuruwan maƙwabta. Amma kafin duk wannan, sai manomin Runka da na Zakka da na Ruma sun koma gonakinsu na bakin daji sun yi noma sun girbe, domin daga rumbunsu kuɗin kujera ke fitowa. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.